Yuka: Shukar da Yawan Ruwa Ke Kashewa

  

Masu sauraro, yau a filinmu na lambu da tsirrai baƙuwa muka kawo muku. Sunanta yuka. Da yawa daga cikinku sun taɓa ganinta, sunan ne kawai ba su sani ba. A ƙofar otal, a harabar banki, ko wurin masu sayar da furanni a bakin titi a Abuja da Kaduna da Kano. Kututture ne a tsaye, ganye dogaye masu tsini sun yi masa cunkus a ka. In ta ga dama, sai ta fitar da doguwar sanda daga tsakiya, fararen furanni suna reto a jiki. To, ita ce.

Kafin mu yi nisa, ga gargaɗi. A ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci, rogo ma yuka ake ce masa. Sunan ne ya zo ɗaya, amma babu dangantaka. Turawan farko ne suka rikita su, kuskuren ya zauna har yau. Yukar da muke magana a kai ba rogo ba ce. Ba a cin saiwarta. Na sake faɗa, ba a cin saiwarta.

Za mu fara da garinsu. Daga nan mu ji labarin wani ɗan ƙwaro da rayuwarta ta rataya a kansa. Sai mu leƙa yadda mutanen wurare daban-daban suka ɗauke ta. A ƙarshe mu dawo gida, mu ga yadda za ta yi a ƙasarmu.

To, bismillah. Ina ne garinsu?

Yuka 'yar nahiyar Amurka ce. Daga Amurka ta Tsakiya a kudu, ta ratsa Meziko, ta shiga ƙasar Amurka, har ta taɓa kudancin Kanada. Tana da iri fiye da 40. Ku riƙe wannan da kyau, masu sauraro. Yuka ba iri ɗaya ba ce. Dangi ne babba, kuma kowace da irin ƙasar da ta saba.

Akwai wata gajeruwa a filayen ciyawa na arewacin Amurka, har zuwa lardin Albata na Kanada. Ba ta da kututture sosai, a ƙasa take zaune. Dusar ƙanƙara kan binne ta, sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da sifiri, lokacin ɗumi ya zo ta ci gaba da harkarta.

Akwai wata a jihar Niyu Meziko, a wani wuri mai tuddan farin yashi da iska ke turawa. Mutanen Diffa da arewacin Yobe sun san abin da tudun yashi ke yi wa shuka. To, ita wannan in yashi ya fara binne ta, sai ta riƙa ƙara tsawo, ganyenta na nan a sama suna shan rana. Tudun na hawa, tana hawa. Amma in iska ta kwashe tudun ya wuce, sai a bar ta da dogon jiki ba madogara, ta faɗi. Tun 1927 jihar ta ɗauki yuka a matsayin furenta na alfahari.

Mafi shahara a dangin ita ce ta hamadar Mohabi, a Kalifoniya da Nebada da kewaye. Wannan itace ce sosai, mai rassa a murɗe, tana iya wuce mita 10. Turawa na ce mata itacen Yusha'u. Ana ba da labari cewa wasu matafiya Kiristoci ne suka raɗa mata sunan a ƙarni na 19, wai rassanta sun yi musu kama da Annabi Yusha'u ya ɗaga hannu yana addu'a. Girmanta a hankali yake. 'Yan santimita kaɗan a shekara. A 1994 gwamnatin Amurka ta mai da wani babban yanki gandun ƙasa da sunanta. Duk da haka tana cikin matsala. A watan Agustan 2020 tsawa ta tada gobara a dajin Mohabi, ta ƙone itatuwan Yusha'u fiye da miliyan 1. A 2023 jihar Kalifoniya ta kafa doka ta musamman don kare ta. Kuma ga abin da ya shafe mu: itacen Yusha'u na son sanyin hunturu mai tsanani kafin ya yi fure. Hamada ce, i, amma hamada mai ƙanƙara. Ba irin tamu ba ce. Kada hoton da kuka gani a waya ya ruɗe ku ku sayi irinta da tsada.

Sai kuma ta kudu, ta Guwatamala da El Salbado da kudancin Meziko. Can ana damina, ana rani, babu ƙanƙara. Ganyenta ba su da ƙaya mai sukar mutum. Gindinta kan kumbura in ta tsufa, shi ya sa ake mata laƙabi da ƙafar giwa. Ku riƙe sunan nan, ƙafar giwa, domin za mu dawo kanta.

Masu sauraro, yanzu ga kashi na biyu, kuma shi ne na fi so.

Yawancin furanni sai an kai musu garin fure kafin su yi 'ya'ya. Garin fure shi ne wannan ƙurar da ke maƙale wa ƙudan zuma a ƙafa. Kai shi daga wannan fure zuwa wancan shi ake kira barbara. Gero iska ke masa. Kabewa zuma ke mata. Zuma kuwa ba da niyya take yi ba. Abincinta ta je nema, garin ya manne mata, ta wuce da shi.

Yuka fa? Yawancin irinta ƙwaro ɗaya tak ke musu wannan aiki. Wani ɗan farin ƙwaro ne mai fukafukai, ɗan'uwan malam-buɗe-littafi, sai dai shi da dare yake tashi. Tsawonsa bai fi farcen yatsa ba. Da rana yana kwance cikin furen, fari a cikin fari, ba mai ganinsa.

Ku saurari abin da macen ke yi. In dare ya yi, sai ta hau inda garin furen yake. Tana da wasu 'yan hannuwa a gefen baki, waɗanda sauran ƙwari irinta ba su da su. Da su take kankaro garin, ta dunƙule shi, ta riƙe a ƙarƙashin haɓa. Sai ta tashi ta nufi wani furen. Da isarta, sai ta huda cikin furen, daidai inda iri zai fito, ta zuba ƙwanta. Ba ta tafi ba tukuna. Sai ta hau saman furen, ta ɗebi garin nan da ta ɗauko, ta cusa shi a bakin da ya kamata, ta danna.

Ba cin garin take ba. Ita da ta girma, kwanaki kaɗan take yi a duniya. To me ya sa take wannan wahala? Domin 'ya'yanta. In furen bai samu barbara ba, ba zai yi iri ba. In babu iri, tsutsotsin da za su ƙyanƙyashe ba su da abinci, don ba sa cin komai sai irin yuka. Suna ci, amma ba sa cinyewa. Wani kaso na tsutsa, saura na shuka. In sun ƙoshi, sai su huda su fito, su sauka ƙasa, su shige cikin turɓaya su kwanta. Wasu su fito baɗi, wasu sai bayan shekaru.

Wani zai ce, to in macen ta yi haɗama fa, ta zuba ƙwai da yawa a fure ɗaya? Masana sun bincika wannan. Sun gano cewa furen da aka cika wa ƙwai, shukar kan kakkaɓe shi ya faɗi tun bai nuna ba. Ƙwan duk su mutu. Mai haɗama ta yi asara ke nan. Ikon Allah!

An gano wannan al'amari a 1872, a birnin Sen Luwis na jihar Misuri. Wani likita masanin tsirrai, George Engelmann, shi ya lura da ƙwaron a cikin furanni. Ya nuna wa Charles Riley, masanin ƙwari na jihar, shi kuma ya yi shekaru yana bin diddigi.

Me ya kawo wannan labari cikin shirin lambu? Ga dalili. Mutane sun ɗauki yuka sun kai ta Turai, sun kai ta Afirka, Asiya da Ostireliya. Amma ƙwaron bai bi ta ba. Yana can Amurka. Saboda haka yukar gidanka za ta iya yin fure mai kyau, furen ya bushe, ya zube, ba iri ko ɗaya. Ba ciwo ba ne. Ba rashin taki ba ne. Ba kuma hannunka ne ba shi da albarka ba. Mai barbarar ne babu. Akwai iri ɗaya mai kaifin tsini da kan yi 'ya'ya ko babu ƙwaron, amma sauran sai dai a dasa reshe. Za mu zo kan dashen.

Kashi na uku. Yaya mutane suka ɗauke ta a wurare daban-daban?

Ga 'yan asalin Amurka, irin su Nabaho da Hopi da Zuni da Apaci, yuka kayan aiki ce. Suna jiƙa ganyen, su daddaka, su fitar da zare. Da zaren suke igiya, da kwando, da tabarma, da takalmi. An tono irin waɗannan takalma a kogunan dutse, sun shekara dubbai. Saiwar kuwa sabulu ce. A daka ta, a kaɗa a ruwa, sai kumfa ta tashi. Abin da ke kawo kumfar ana ce masa saponin, wato wani sinadari mai ɗaci da ke wanke dauɗa. Shi ya sa na ce ba a cin saiwar. A bikin auren Hopi, da wannan kumfa ake wanke kan amarya da ango.

A El Salbado kuwa, abinci ce. Can sunanta isote, kuma tun 1995 ita ce furen ƙasa. In lokacinta ya yi, za ka ga dami-damin fararen furanni a kasuwa. Uwargida ta tsinke ganyen furen, ta jefar da tsakiyar saboda ɗaci, ta tafasa, ta soya da ƙwai da tumatir da albasa. Manoman kofi na yankin kuma suna jera ta a gefen tudu ta riƙe ƙasa, suna kuma yin shinge da ita, yadda muke yi da aguwa ko bini-da-zugu. Amma don Allah kada wani ya ji haka ya tsinko furen tukunyarsa ya kai kicin. Shukar da aka saya don ado, ba ka san maganin ƙwarin da aka fesa mata ba.

Masu kiwon kaji, ga naku. Akwai wata yuka ta hamada da ake sara a arewacin Meziko, a tatse ta ko a niƙa, a zuba kaɗan cikin abincin dabbobi. Amfaninta rage ammoniya, wato warin nan mai yaji da ke tashi daga kashin kaji ya shiga ido. Ku duba jikin buhun wasu abincin kaji da na kifi, kuna iya ganin sunanta.

A Turai, ado ce kawai. Ta isa Ingila tun ƙarshen ƙarni na 16, kuma a 1604 ta fara yin fure a can, a lambun wani mutum mai suna William Coys a yankin Eses. Yau kuwa ƙafar giwa ce ta cika ɗakunansu. Ana sare kututturen gunduwa-gunduwa a Amurka ta Tsakiya, a toshe kan da kakin zuma don kada ya bushe, a loda a jirgin ruwa zuwa Holan. Can ake sa shi ya yi saiwa, a rarraba kantuna. Sanda ce tsirara ta ƙetare teku, kuma ta rayu. To, abin da teku bai yi mata ba, sai a yi mata a falo. Mai gida ya ajiye ta a lungu mai duhu, yana ta ɗura mata ruwa kullum don ƙauna. Wata biyu, gindi ya ruɓe.

Wannan ya kawo mu kashi na ƙarshe. Mu dawo gida.

Ra'ayina a fili yake. Yuka ta dace da tsakar gidanmu fiye da ciyawar ado da ake shayarwa safe da yamma a garin da mata ke layi a bakin famfo. Amma kada wani ya tallata muku ita a matsayin maganin hamada. Wannan aikin gawo ne da aduwa da magarya da kuka, 'yan gida da suka san ƙasar, suke ba da inuwa da abincin dabba. Yuka ado ce, shinge ce. Iyakarta ke nan.

Wace iri za ka saya? In don tsakar gida ne, ƙafar giwa. Ta saba da damina da rani irin namu, kuma ba ta suka. Yaya za ka gane ta? Ka taɓa bakin ganyen da tafin hannu a hankali. In ya lanƙwashe, ita ce. In ya tsaya ƙyam ya soke ka, wannan mai tsinin ce, wadda ta fito daga gaɓar teku a kudu maso gabashin Amurka da Meziko. Ita ma tana jure zafi ƙwarai. Amma wurinta shingen gona ne, ba inda yara ke wasa ba.

Abu uku take so. Rana, ƙasa mai tsotse ruwa, da ƙarancin ban-ruwa. Ku maimaita tare da ni: rana, yashi, ruwa kaɗan.

Mu ɗauki ƙasa. In gidanka a jigawa yake, ka huta. Haƙa rami, dasa, shi ke nan. In laka ce, ko wurin da ruwa ke kwanciya a watan Agusta, to sai ka yi dabara. Kada ka dasa a rami. Ka tara tudu, kamar taƙi ɗaya ko biyu, ka cakuɗa da yashi da tsakuwa, ka dasa a sama. Mutanen Jos, da kudancin Kaduna, da 'yan'uwanmu na zangon Kumasi, inda ruwa ke yawa, wannan maganar taku ce musamman. Mutanen Damagaram da Tawa da Agadas kuwa, ku ruɓa ba ta cika damun ku ba. Ku dai ku taimaka mata da ruwa a shekarar farko, har saiwa ta kama.

Mai tukunya, ka tabbata akwai huda a ƙasan tukunyar. In babu, ka huda. Rabi yashi, rabi ƙasar lambu. Taki kaɗan, wanda ya ruɓe sosai. Yaushe za a ba ta ruwa? Kada ka ƙirga kwana. Ka cusa yatsa cikin ƙasar har ya nutse. In ka ji danshi, ka mai da butarka. In ka ji a bushe, ka zuba sosai har ya fito ta ƙasa, sannan ka manta da ita. Hajiya, in kin ga yaran gida kowa ya wuce sai ya zuba mata ragowar ruwan buta, ki hana. Kuma kada a dasa ta kusa da wurin alwala ko wurin wanke-wanke.

Maganar rana kuma, akwai ɗan lura. Wadda ka sayo daga inuwar mai sayarwa, kada ka fitar da ita kai tsaye cikin ranar Afrilu ta Sakkwato. Ganyen zai babbake. Ka fara mata da ranar safe, mako-mako kana ƙarawa. Da hunturu, in ƙura ta lulluɓe ganyen, a goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Yaya ake gane lafiyarta? Ganyen ƙasa su yi rawaya, su bushe, su rataya, wannan ba komai. Haka take girma. Ka cire su ko ka bar su. Amma ka riƙa matsa gindin da hannu. In yana da tauri, lafiya lau. In ka ji ya yi laushi, ko yana wari, ruɓa ta shiga. Kada ka ƙara ruwa. Da yawa suna ganin ganye ya yi yaushi sai su ce ƙishirwa ce, su ƙara, su ƙarasa ta. Ka ɗauki wuƙa mai tsabta, ka yanke sama da inda ya ruɓe, har sai ka ga farin nama mai kyau. Wannan saman sabuwar shuka ce.

Ga yadda ake dashen. Duk wanda ya taɓa dasa rogo ya iya. Ka yanki kututture ko reshe, tsawon kamu ɗaya. Ka yi alama a gefen sama, don in ka kifa shi ba zai fito ba. Ka ajiye a inuwa kwana uku zuwa mako guda, bakin yankan ya bushe. Sannan ka kafa kashi ɗaya cikin uku a ƙasa mai yashi. Ruwa kaɗan. Cikin wata ɗaya zuwa biyu saiwa za ta fito, toho ya biyo baya. Uwar da ka yanka ma ba ta mutu ba. Za ta fitar da kai biyu ko uku a inda aka yanke. Akwai kuma 'ya'yan da ke tsirowa a gindi. A raba su da 'yar saiwarsu, a dasa. Ƙarshen bazara, dab da faɗuwar ruwa, shi ne lokacin da ya fi. A riƙa duba gara, don tana son busasshen ɓangaren sandar.

Sai wuri. Ƙafar giwa da ka gani 'yar ƙarama a tukunya, in ta samu ƙasa tana iya kai mita 8 ko 9, gindin ya yi faɗi. Kada ka manna ta da katanga, ko bututun ruwa, ko ramin salga. Ka ba ta aƙalla taku uku. Cire tsohuwar yuka aiki ne ja, don guntun saiwar da ya rage a ƙasa kan sake tohowa. A kuma killace ta daga awaki tun tana ƙarama. Kare da kyanwa ma in sun tauna ganyen, yakan sa su amai.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce mafi nauyi. Likitocin wani asibitin ido da kunne a birnin Melbon na Ostireliya sun ba da rahoton mutane da dama da tsinin yuka ya shiga kunnensu suna cikin aikin lambu. Wasu dodon kunne ya fashe. Wasu sun rasa ji har abada. Mutum ya sunkuya zai yi shara ko cire ciyawa, ya juya kai, shi ke nan. Tsayin ganyen kuma daidai yake da idon yaro.

Don haka, masu sauraro, duk mai yuka mai tsini a gida, yau ɗin nan ya ɗauki almakashi ya datse bakin kowane ganye. Ba zai cutar da shukar ba. Makarantu da asibitoci da masallatai masu irin wannan a bakin hanya, a matsar da ita ko a datse. Wanda kuma zai je saye, ya taɓa bakin ganyen kafin ya biya kuɗi.